Rufa-idon da Na Gaji da Riƙewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Mubarak.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Umma lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Mun fara jarrabawar gwaji, ina kuma ƙoƙari.

A guruf ɗin wasanmu na waya na sa wannan wasiƙa, domin nan kaɗai nake ganin alamar ka karanta saƙo. Na san Nafisa 'yar Kawu za ta gani, abokinka Sadiku ma zai gani. Ka san ni da kunya, ko karatu a gaban aji gudunsa nake yi. To ka auna irin gajiyar da ta sa na yi magana a gaban mutane.

Ka tuna ranar da ka dawo daga jami'a da ɗan ludo mai fuska ashirin? Bayan la'asar ka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ka zana taswira a bayan tsohuwar kalanda. Kai ne mai ba da labari, mu kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Umma ta ji ana ambaton tsafi ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ka ce mata tatsuniya ce kawai da ake jefa wa ɗan ludo. Ta ce tatsuniya da rana dai aikin marasa aikin yi ne, ta koma.

Sadiku ya ɗauki mai takobi, Nafisa ta ɗauki maharbiya. Ni na zaɓi mai rufa-ido, saboda na lura ita ba ta faɗa, ba ta kuma yawan magana. Kai ka raɗa mata suna Kawalwalniya.

Farkon rufa-idon da na yi dodo ne, mai kai uku, don ya kori dogaran sarkin labarin. Dogari ɗaya ya wurga masa mashi, mashin ya ratsa ya wuce, aka kama mu duka. Nafisa ta yi kwana biyu tana kirana Uwar Dodo. A ranar ka faɗa mini abin da ban manta ba: rufa-ido ba shi da nauyi, da an taɓa shi ya watse, saboda haka a nuna wa mutum abin da ya saba gani, abin da ba zai yi tunanin taɓawa ba.

Na riƙe wannan. Da mahaya suka biyo mu kan gada, ban ƙara yin dodo ba. Garken shanu na fito da shi, suna tafe a hankali, kamar ranar Juma'a idan za a shiga da su kara, kasuwar shanu. Ka ɗaga ɗan ludo za ka jefa, sai ka ajiye, ka ce duk wanda ya tashi a Wudil ya san ba a gardama da shanu a kan gada, jira ake yi.

Wanda ya fi ba ka dariya shi ne na mabuɗi. An tare mu za a caje mu, na yar da mabuɗin kurkuku a ƙasa na rufe shi da hoton kashin shanu, ɗanye, har da ƙudaje. Dogarai goma suka yi ta kewaye shi suna tattare riga. Ka yi dariya har ka kwanta a tabarma, ka ce a duk 'yan jami'ar da ka yi wasa da su babu mai kaina. Ban taɓa faɗa maka ba, amma na rubuta maganar nan a bayan littafina na Kimiyya.

Ina jin shi ya sa ka zaɓe ni.

A tasha, wata biyar da suka wuce, ka ja ni gefe ka ce jami'a ta sallame ka saboda makinka bai kai ba. Ka ce ba Kaduna za ka horon sanin makamar aiki ba, kamar yadda ka faɗa wa Umma, Legas za ka neman abin yi. Ka ce tun rasuwar Baba karatunka ne abin da take tashi da shi kullum, in rufa maka na ɗan lokaci, kai za ka faɗa mata da bakinka. Na ce to. Ban iya ce maka a'a ba, ban taɓa iyawa ba.

Umma ba ta karanta boko, ni nake karanta mata saƙonninka. Wata biyu kana turowa, ina sauya Legas da Kaduna. Daga nan ka daina. Wata uku ke nan, Yaya, ni nake ƙirƙira mata saƙonninka.

Da darasinka nake aiki. Ban taɓa ce mata an ba ka kyauta ko an yaba maka ba, wannan dodo ne, za ta so ta ji a bakin wani. Nakan ce ka ce miyar can ba ta da daddawa. Nakan ce sauro ya dame ka, ko silifas ɗinka ya tsinke. Sai ta yi tsaki ta ce haka kake tun kana yaro, ta ci gaba da tankaɗe. Ina riƙe da wayar, ina kallon allon da babu komai a kai, ina motsa yatsa kamar mai karatu.

Akwai wata dokar da ka sa mana: rufa-ido yana tsayawa ne muddin mai shi bai ɗauke hankali ba, iyakarsa kuma minti goma. Ka ce in ya wuce haka kan mai yin zai fashe. Ni a aji ina lissafin abin da ka ce makon jiya don kada in maimaita. A sallah ma sai in tsinci kaina ina shirya maka magana. Bayan kowane saƙo ina istigfari, na kuma san gobe zan sake. Malamar Lissafi ta tambaye ni me ya same ni, na ce mura ce.

Yanzu Umma ta miƙo hannu za ta taɓa. Ta daka maka yaji, ta yi dambun nama, ta ƙulle daddawa a leda uku saboda miyar da ni na ƙirƙira. Ta yi magana da wani direba da ke zuwa Kaduna ranar Juma'a. Ta ce in karɓo kwatancen inda kake in rubuta masa.

Zan iya. Na ma tsara: in ce an tura ku wani gari na mako biyu. Zai yi aiki, na sani. Amma shekaranjiya, da na gama karanta mata ƙaryar sauro, ba ta yi tsakin ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce saƙon yayana kwanan nan ya cika ladabi, sai ka ce bakina. Ta tambaya ko ina cin abinci sosai. Ka taɓa cewa wanda ya gane rufa-ido yana ci gaba da ganinsa, sai dai yana hango abin da ke bayansa. Ina jin ni take hangowa, kuma tausayina ne ya hana ta magana.

Ba zan rubuta wa direba komai ba. Ranar Juma'a da safe, kafin ta ɗauki ƙullin nan zuwa tasha, zan zauna kusa da ita in faɗa mata. Ba fushi nake da kai ba, ko na so ma ƙarfin fushin ya ƙare. Amma maganar taka ce, ta fi kyau a muryarka. Wayar tana hannuna kullum daga ƙarfe biyu na rana. Ba sai ka shirya komai ba, ka yi sallama kawai, ni zan miƙa mata in fita tsakar gida.

Ɗan ludonka yana cikin gwangwanin alluran Umma. Taswirar ma ban yar ba, muna nan a bakin gada inda ka bar mu.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka abin yi na halal, ya sauƙaƙa maka harshe. Allah ya yafe mini abin da na karanta wa mahaifiyata wanda ba a rubuta ba, ya sanyaya mata zuciya ranar Juma'a. Amin.

Ƙanwarka da ke jira,
Rukayya
Sabon Gari, Wudil