Shekarun Yaya Dudu

Yelwa, Maris 1999

Zuwa ga ɗana Surajo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardun sunayen dangi da adireshinsu da ka buga daga kwamfutarka sun iso. Wakilin dangi ya karanta su da ƙarfi a taron zumunci a Wara, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Duk wanda ba a san ranar haihuwarsa ba, ka liƙa masa ɗaya ga Janairu 1960, har da yayata Dudu. Ni, ƙanenta, 1936! Matasa suka kwashe da dariya, wani marar kunya ya ce, "Ashe Gwaggo budurwa ce!" Ta ɗauki mayafinta ta fita. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba, domin ta ɗauka ni na rubuta. Ina jiran bayani.

Mahaifinka,
Zakari

Birnin Kebbi

Baba,

Ina gaida ku da Inna. Wallahi ba raini ba ne. Gurbin ranar haihuwa da na tsara ba ya karɓar komai sai rana da wata da shekara, kuma ba ya yarda a bar shi fayau. Shi ya sa na ce ya riƙa cikewa da kansa. Ai kowa haka yake yi.

Ɗanka,
Surajo

Surajo,

Bayan gaisuwa, "kowa" ba hujja ba ce. Na yi aikin gwamnati har na ajiye ban taɓa cike gurbi da ƙarya ba. Kai ka gina akwatin, sannan ka datse ƙafafun gwaggonka don ta shiga? Tir! Gyara akwatin.

Zakari

Baba,

Ina gaisuwa. Na gyara. Yanzu gurbin yana iya zama babu komai, kuma na ƙara wani da ke karɓar zance. Me zan rubuta wa Gwaggo?

Surajo

Surajo,

Bayan gaisuwa, na shiga jirgin ruwa na je Wara na durƙusa mata. Ta bar ni cikin rana tana gyaran kifi, sannan ta ce, "Ɗan boko, ka ce wa injin naku ni na goye ka." Rubuta haka, kada ka ƙara ko wasali ɗaya.

Allah ya yi maka albarka,
Zakari