Maharbin da Ya Ƙi Tafiya

Zuwa ga sanyin idona, hasken safiyata, gimbiyar kujerar bakin taga, wadda kuskure bai taɓa giftawa ta gabanta ya tsira ba,

Ina gaishe ki da zuciya mai tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance wa igiya. Yau ba Maharbi ne ke magana ba, ni ne, mai rubuta masa kalamai, wanda teburinsa ke bayan naki, kusa da injin buga takardun nan mai tari.

Kin tuna yadda aka fara? Shekara guda muna gina wasan kwamfutar nan, mu shida a ɗaki ɗaya. Mai wasa na yawo, abokan tafiya irin su Maharbi da Mai Magani da Maƙeri na biye da shi, kowannensu da ma'aunin ƙauna: a kyautata masa ya hau, a ɓata masa ya sauka, in ya kai ƙasa mutumin ya tattara nasa ya nasa ya yi gaba. Ni aka ba Maharbi in sa masa magana a baki. Ke kuma aikinki gwaji, wato ki wulaƙanta bayin Allahn nan ki ga ko za su yi fushi yadda ya kamata. Kai, kin iya aikinki! Kin ƙwace masa baka, kin sayar da dokinsa, kin bar shi tsaye cikin ruwan sama kina shan ɗumi a masauki. Ya hau dutse ya tsinko miki fure, kika miƙa wa jaki ya cinye. Mai Magani ta yi zuciya tun kwana na biyu, Maƙeri ya wanke ki tas ya kama gabansa, shi kuwa gogan naki yana biye da ke yana tambayar ko ƙafarki na ciwo.

A taron safiyar Litinin kika miƙe da rahotonki, fuska ba wasa, kika ce, "Manaja, wannan Maharbin ba shi da zuciya a ƙirji. Sau arba'in da ɗaya ina korarsa. Ko a gyara shi, ko a ɗaura mana aure." Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage in shige. Injiniya ya yini yana bincike, ya dawo ya ce ma'aunin lafiyarsa ƙalau, yana sauka har ƙasa. Matsalar ita ce in wasan ya nemi kalaman bankwana sai ya tarar babu, sai ya koma kan kalaman baya, Maharbi ya ci gaba da bin ki. Amsa ɗari uku da goma sha biyu na rubuta wa mutumin nan, babu "na tafi" ko ɗaya a ciki, kuma wallahi ban lura ba sai ranar. Ta ina zan lura? Duk layin da na rubuta na san idon da zai fara karanta shi, idon nan mai kama da rafi bayan ruwa ya ɗauke. Wane hannu ne zai iya rubuta wa wannan ido sallama?

Manaja ya ba ni zuwa Alhamis. Bankwana bakwai na rubuta, kika dawo min da su duka. A kan ta uku kin rubuta, "Wannan ai ƙorafi ne." A kan ta biyar, "Mai tafiya ba ya tambayar me za a ci gobe." A ƙasan ta bakwai kuma, da ƙananan haruffa, kika sa abin da ya hana ni cin abincin rana: "Maharbi ya yi magana har ya gaji. Mai rubutun fa, ba shi da baki ne?"

Ya zumar da ba ta gundura, ya inuwar bishiyar da na fi so, da kin ga yadda na yi rawa a matattakalar bene! Mai shara ta tsaya riƙe da tsintsiya ta ce, "Ɗana, lafiya kuwa?" Na ce mata ban taɓa samun lafiya irin ta yau ba.

A ranar dai na ji Manaja na cewa da zarar wasan ya fita, Juma'ar nan, za a mayar da ke ɗaya reshen kamfaninmu. Na juya na kalli kujerarki, kin fita shan shayi, mayafinki kawai ke rataye a jikinta. Na ce wa raina, haka za ta kasance kenan kullum. A zaunen nan na rubuta ta takwas, layi uku kacal. Na ga lokacin da kika kai wurin a allonki. Kika cire abin sauraren sauti daga kunnenki, kika tashi wai za ki wanke fuska. Da kika dawo kalma ɗaya kika rubuta a rahoto: "Ta yi."

To ga bakina, gimbiya, ba ta bayan kowa ba. Ina son ki. Ina son ki son da ba shi da ma'auni balle ya sauka. A wasan mun ba mai wasa amsa uku ya zaɓa, in ya yi kuskure ya koma baya ya sake. Ni ba ni da wurin komawa, kuma ba na nema. Ki ba ni izini in zo gida in gaida Baba ranar Asabar, da rigata mai kyau, da yayana wanda ya fi ni iya zama a gaban manya. Su kai ki kowane reshe suke so, ni dai in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Bankwana ɗaya na taɓa rubutawa da gaske, na ji ɗacinta har maƙogwaro, ta ishe ni har ƙarshen rayuwa. Don Allah kada ki sa in rubuta ta biyu.

Naki ke kaɗai, yau da gobe da ranar da furfura za ta rufe mu,
Mai teburin bayanki.