Bulo Uku a Bakin Zaure

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Ƙaramar hukuma ta gama mana kwalta. Sumul, baƙi ƙirin, da rana har wani ruwa-ruwa yake yi daga nesa. Sai dai titin ya fi gidanmu tudu, magudanar kuma an tsaya da ita a rabi. Maigidana, Baban Murja, bai damu ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar fawa, abin da ya rage masa ke nan: in turo kekensa bakin zaure da hantsi, ya yi ta amsa gaisuwa har la'asar.

Asabar, 13 ga Yuli
Sun kafa allo. Layinmu, Layin Mahauta, ya koma sunan wani tsohon kansila. Na karanta masa, ya yi dariya. "Wanga da ka sayen tumbi bashi-bashi na kunya?" Duk yinin yau cikin raha yake.

Alhamis, 1 ga Agusta
Ruwa bayan azahar. Ya gangaro daga titi ya shigo ta zaure kamar an gayyato shi. Na tsaya ina kallon kwanonina suna yawo a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har na shagala na tuna wankan da muke yi a gulbin Rima muna 'yan mata. Sai da Baban Murja ya kira ni. Ruwa ya kai masa gwiwa, ba ya iya ɗaga ƙafa. Na ji tsoro ƙwarai.

Juma'a, 16 ga Agusta
Saifullah magini ya ce a ɗora bulo uku a bakin zaure don tare ruwa, kamar yadda maƙwabta suka yi. Keke ba zai haura ba, ni kuma ba ni iya ɗaukar mutum.
"Ki bar min ƙohwata, Zainaba." Iyakar abin da Baban Murja ya ce ke nan.

Talata, 20 ga Agusta
An gina.

Laraba, 28 ga Agusta
Daga cikin zaure, yana zaune, rabin jikin mutane yake gani, su ma a gurguje. Masu gaisuwa ba su cika leƙowa ba. "Wa yaw wuce?" In na sani in faɗa, in ban sani ba in ƙirƙiro. Yau na ce Kamilu mahauci ne da bijimai biyu farare. Ya lumshe ido yana tambayar ƙibarsu.

Lahadi, 8 ga Satumba
An kwarara ruwa tun hantsi. Ko ɗigo bai shigo ba. Na zauna a ƙofar ɗaki ina shaƙar ƙamshin ƙasa, na miƙa ƙafafuna cikin yayyafi, har waƙa na ji ina yi. Rabona da jin daɗin damina haka na manta.
Kwana huɗu ke nan bai ce in kai shi zaure ba. Ni ma ban tambaya ba.