Sa Hannu na Biyar

Corliss, New Hampshire
14 ga Oktoba

Aminina Merle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya gwiwar nan taka da ke riga rediyo sanin za a yi ruwa? Yaya Janine da maigidanta da yara? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan matarka Dottie, Ya ba ka dangana.

Ka san ni da waya ba ma shiri, in na ɗauka sai in yi ta ihu kamar mai kiran shanu, shi ya sa na ɗauki biro. Wata biyu ke nan da 'yarka Janine ta kwashe ka zuwa Ohio, garin duk ya yi mini faɗi. Ranar Asabar na shiga shagon Doucette na ce a zuba kofi biyu kamar yadda muka saba. Ya dube ni ya ce, "Orrin, tsufa ne, ko baƙo ka ɓoye a aljihu?" Haka na shanye su duka don kada ya samu abin faɗa.

Na rufe maka ruwan gidanka kafin sanyi ya fasa bututu. Lambun ne ban taɓa ba. Waken da Dottie take tsinka ranar da ta faɗi yana nan ya bushe a jikin sanduna, na je sau biyu da niyyar tugewa, na dawo.

Bernice Audet, tsohuwar nas ɗin nan, ta daina gaishe ni ko a coci. Wai ni da ƙungiyarmu ta masu biyan haraji muka kori motar asibiti daga garin nan. To ni ban ga abin kunya a ra'ayina ba. Harajin gida ya ninka cikin shekara goma. Ina Bernice take ranar da matar marigayi Thibault ta sayar da gidan da mijinta ya gina da hannunsa, saboda fanshonta ya kasa ɗaukar haraji? Guminka naka ne, haka iyayenmu suka koya mana, kuma hukuma ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Ban da haka ma, likita da bakinsa ya ce ko da motar ta zo cikin minti biyar, ba lallai ne Dottie ta tashi ba. Ya faɗa, ko ba haka ba? Kana wurin.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne, rago kawai. Gaishe da mutan gida.

Naka,
Orrin

Corliss
22 ga Janairu

Merle ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Janine da yara. Yaya sanyin can? Nan ƙanƙara ta kai tagar kicin.

Takardarka ta iso ranar Talata. Ka ce kai ka kashe Dottie da ƙafafunka, ranar da ka miƙe a taron gari ka ƙi amincewa da kuɗin motar asibiti. Ka ce minti arba'in da ɗaya ka yi riƙe da kanta a lambu kana jiran mota daga wani gari, kuma kowane minti kai ka saye shi. Ka ce tunda za a sake kawo maganar a taron Maris, in tashi in karanta wa jama'a wannan takarda da sunanka. Janine ma ta saka 'yar takarda a ciki, ta ce ba ka ci, ba ka fita, wandunanka duk sun yi maka yawa.

Ba zan karanta ba. Ba don ina jin kunyar ƙungiya ba, sai don abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne, kuma ni kaɗai na san haka.

Ka tuna ranar taron bara. Dottie ba ta zo ba, ƙirjinta na damunta. Da aka tashi cin abincin rana, Bernice tana zagawa da takarda, tana neman mutum biyar su sa hannu a yi ƙuri'ar sirri maimakon a miƙe a ƙirga. Ta samu huɗu, sauran duk suna noƙewa don kada mu gani. Ina bayanka a layin wake da kek lokacin da ka ce mata, "Bari in ajiye farantin nan, Bernice, ina zuwa." Da kunnena na ji.

Merle, na san mutanen garin nan kamar yunwar cikina. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, sun ja ni gefe sun ce, "Orrin, muna tare da kai a kan komai, amma ban da motar nan." Na san in aka ba su takarda da akwati, mun sha kaye. Amma in aka ce a miƙe, ido na ganin ido, ba wanda zai so a ce shi ne ya ƙara wa maƙwabcinsa haraji.

Shi ne na dafa kafaɗarka na ce ka zo ka ga sabon zarton inji da na saya. Ka ce, "Yanzu?" Na ce, "Minti biyu ne, tsoho, ko tsoro kake ji ka ga abin da ya fi naka?" Muka fita wurin motata. Na ce sarƙarsa ta fi taka ci, don na san ba za ka iya barin wannan maganar ta wuce ba. Kana ta zuba, ni kuwa kunnena na ɗakin taro. Sai da na ji shugaban taro ya buga guduma na ce mu koma. Muna shiga ana karanta batun, lokacin sa hannu ya wuce, Bernice na can gaba da takardarta a hannu tana waige. Ka zauna kusa da ni kamar yadda ka saba shekara arba'in. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su miƙe, na miƙe, na dube ka. Ka yi jim, sannan ka kama kujerar gaba ka tashi.

Da gangan na yi. Har daɗi na ji a ranar, na koma gida ina yi wa kaina kirari. Na san matarka na da ciwon zuciya, ni na kai ku asibiti karo na farko, amma ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Nasara kawai nake gani.

A takardata ta farko na yi ta kame-kame da maganar likita, na so ka ce mini e, in samu in huta. Na ɗauki makararta da kafaɗata, na ci abincin makokinta, na rungume ka, duk da wannan abu a cikina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, kai ya doka. Ina jin kunyarka, ina jin kunyar kaina.

Ban ce ka yafe mini ba, ba ni da bakin roƙon wannan. Ka gaishe da Janine.

Orrin

Corliss
16 ga Maris

Merle,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Mako bakwai shiru, na kuma san dalili.

An yi taron ranar Asabar. Da aka zo kan motar asibiti na ɗaga hannu, na je gaban jama'a na faɗi abin da na faɗa maka, ban rage ko zarton ba. Sai wani ɗan ƙungiyarmu ya ce daga baya, "Zauna mana, Orrin, wa ya tambaye ka?" Da na gama na je wurin Bernice na ce ta ba ni takardar in sa hannu. Ta nuna mini ita daga nesa, suna goma sha tara. Ta ce, "Ta cika. Bara nake nema."

An jefa ƙuri'a a akwati, motar za ta dawo a watan Yuli. Na jefa mata e. Sabon rufin ofishin gari kuwa na ce a'a, don har gobe ina nan a kan cewa hukuma na ɓarna da gumin mutane. Yanzu 'yan ƙungiya ba sa zama kusa da ni, mutanen Bernice ma haka. Ban yi ƙorafi ba.

Jiya Janine ta bugo waya. Ta ce ka karanta takardata sau ɗaya, ka jefa ta a murhu, ka kira ni da sunayen da ba za ta iya maimaitawa ba. Ta ce ka ce kada in sake rubuto maka, kada in sake taka lambun Dottie. Na ce na ji, na kuma yarda. Har zan ajiye sai ta ce in tsaya. Ta ce tun ranar kullum sai ka zage ni a teburin karin kumallo, amma kana zagin kana cin ƙwai biyu da burodi, kuma makon jiya ka kai yara makaranta da ƙafa.

Na ajiye wayar na zauna na yi kuka, ni da ban yi ba ko a maƙabarta. Shekara hamsin da ɗaya muna tare, Merle, kuma na san ta ƙare. To ka ci gaba da zagina, kada ka gaji, kada ka bari wani ya ce maka ka sassauta. In tunanin minti arba'in da ɗayan nan ya taso maka, ka cire sunanka ka sa nawa, don nan ne wurinsa.

Wannan ce ta ƙarshe, kamar yadda ka nema. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan Dottie.

Wanda ya cuce ka,
Orrin Tasker