Kada Ki Sake Haɗa Kwalaben Nan

Uwargida,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafarki, yaya jikoki? Allah ya sa kuna lafiya.

Kin tuna ranar da auta ta dawo daga makaranta tana cewa wai akwai ruwa biyu, kowanne salun-alun a kwalbarsa, amma in suka haɗu sai su haifi guba? Na ce mata ko tatsuniya tana da kunya.

To, ranar Talata a wurin aiki na tuttula bilic, ruwan nan mai sa kaya su yi fari, a kan ruwan wanke masai, yadda na koya miki, don bayi ya yi ƙal. Innalillahi! Wata iska mai yaji ta taso ta shaƙe ni. Mai gadi ne ya jawo ni waje ta wuyan riga, kamar akuya. Kada hankalinki ya tashi, kwana biyu kacal na yi a asibiti, tarin ma ya fara sauƙi.

Don girman Allah, ki raba kwalaben nan biyu na gida yau. Bayinmu ko taga babu. Ki ba auta haƙuri. Maganarta sak na sake ji, wannan karon daga bakin likita, yana ɗaura mini robar numfashi a hanci.

Allah ya tsare min ku.

Maigidanki