Ba Zan Rabu Da Kai Saboda Allura Ba

Zuwa ga Mikail, ruwan farkon damina a busasshen filin zuciyata, inuwar darbejiyar da nake fakewa in rana ta take, sanyin ruwan randa a bakin mai azumi. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, kai da ka bar ni da jira.

Yau kwana goma sha ɗaya rabonka da zauren gidanmu a Zaitawa. Sai saƙo ɗaya tak a waya, wai in yi haƙuri, in nemi mai lafiya. Na san dalili. Yaya Abdulbaqi ya same ka a rumfarka ta gwanjo a Ƙofar Wambai, ya ce a gaban jama'a ba za a ba da ƙanwarsa ga mai ciwon suga da ke soka wa kansa allura kullum ba, wanda kuma ba shi da aiki sai kallon fim ɗin 'yan shan jini. To, ga amsata: ban haƙura ba, kuma ba zan haƙura ba.

Ka manta yammacin nan da aka ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, ka jingina wayarka da bangon zaure ka nuna mini fim ɗin? Ni da ko yankan kaza ba na iya kallo, na rufe fuska da mayafi, kana yi mini dariya. Dogon baƙin mutum, rigar fata har ƙasa, takobi a gadon baya, yana farautar masu shan jinin mutane, alhali ƙishirwarsu tana cikin nasa jinin, da allura yake danne ta. Da aka zo wurin da ya miƙa hannu a yi masa ita, sai ka tsayar da fim ɗin. Ka ce kana ɗan shekara goma sha uku aka gano ciwonka, a banɗakin makaranta kake ɓuya ka yi allura don kada 'yan ajinku su gani. Ranar da ka ga jarumin nan ya karɓi tasa ya miƙe ya ɗauki takobi, ran nan ka daina ɓuya.

Ka ce mini a da abin yara ake ɗaukar finafinan da aka ciro daga littattafan zane, wannan ne ya buɗe ƙofa sauran suka biyo baya, kuma baƙar fata ne a gaba. Ni ba masaniyar tarihin fim ba ce. Abin da na sani shi ne ya fito mini da kai daga ɓuya, ya ɗora maka fensir a hannu har ka cika littafi uku da zanen naka jarumin, ɗan Soron Ɗinki mai rawani. Fim ɗin da ya yi wannan, wa ya isa ya kira shi shirme?

Haba, farin watana. Kai da ka tsaya wa ciwo shekara goma sha biyar, magana ɗaya ce za ta kayar da kai? Wane ne a unguwar nan Allah ya ba shi takardar lafiya ta har abada? Kewarka ta zame mini kamar zafin bazara, ba inda zan juya in samu iska, amma fushina da kai ya kusa kamo ta.

Jiya na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, Yaya yana zaune. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Na ce sati guda ke nan Anti Hadiza, maƙwabciyarmu nas, tana koya mini yin allura a jikin lemo, har na huda guda bakwai. Yaya ya tashi ya fita. Baba kuwa ya ce ciwo ba abin kunya ba ne, ka turo magabatanka ranar Asabar.

Saura kai. Na yi nawa faɗan ni kaɗai, kada ka bari in ji kunya a gaban mahaifina. Ka zo kanka a ɗage, ba a sunkuye ba.

Taka ce ni, da lafiya da rashinta, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a makara,

Luba