Na Aske Furannin Verna

Anti Opal, ki taimake ni, na tafka ta'asa kuma Asabar ta kusa!

Shekarata saba'in da ɗaya, shida ke nan da rasuwar matata. Na ɗauka na gama da harkar zuciya, sai ga Verna, bazawarar da ke zama a bayana a coci. A kakar bara ta miƙo mini ƙullin irin furen rana, na dajinmu mai dawowa duk shekara, wanda ta tsinko a makiyayar mahaifinta kafin a sayar. Ta ce wai in na iya rainon abu, in nuna mata. Ran nan da waƙa na tuƙo mota har gida!

Na bi umarninta sak. Na cakuɗa irin da jiƙaƙƙen yashi, ya yi wata guda a firij kusa da man shanu, don sai ya sha sanyi yake tsiro. Na shuka a bakin shinge, suka fito, kullum sai na gaishe su kamar zautacce.

To, kin san mu da yankan ciyawa. Maƙwabcina Orval ya leƙo yana tsiya, wai gidana ya koma kango, ko ƙarfin ne ya ƙare? Na haye injin yankan ciyawa a fusace, can tunanin murmushin Verna ya ɗauke ni. Ban farga ba sai da na aske shukokin kaf, saura tsawon taƙi guda daga ƙasa.

Jiya ta bugo waya, za ta zo ran Asabar da kek ɗin tuffa ta ga 'ya'yanta, wato shukokin. Gidana fa, Anti! Riga uku na goge! Amma babu sauran irin, makiyayar ta zama gonar masara. In sayo furen rana na kanti in dasa? Ina tsoron rasa ta.

Tsohon da ya koma yaro, Kansas

Baba,

Sauko daga kan injin nan ka saurare ni. Kada ka sayo komai. Na kanti ganyensa fankameme ne, nata siriri, kuma matar da ta girma a makiyayar nan tun daga cikin mota za ta gane.

Ga albishir: a shekarar farko ƙarfin wannan fure a saiwa yake. Tunda ka bar taƙi guda, yawancinsu za su toho. Ba su ruwa, ka kafa turaku ka kewaye su da igiya. Orval kuma ya ji da tasa ciyawar.

Sai dai Verna na da haƙƙin jin zafi, tunawa da mahaifinta ne ka bi ta kai. Kira ta yau ka faɗi gaskiya, in ta yi faɗa ka shanye.

Ka kuma lura, wannan iri ba ya cika fure sosai sai a shekara ta biyu, kuma ta san haka. Mace ba ta ba da shi ga wanda ba ta shirin gani baɗi.

Allah ya sa a yi da mu.

Opal